Yadda za ka kwashe katunan bitarka daga kwamfuta zuwa waya ba tare da ka rasa komi ba

Assalamu alaikum ƴan'uwa ɗalibai. Katunan bita na kwamfuta yanzu sun shiga hannun mutane sosai a Maradi, musamman ƴan fannin lafiya na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da masu shirin bak, har da masu haddar kalmomin Larabci ko Turanci, tambaya a gaba amsa a baya, kana dubawa kana gwada kanka. To amma yawancin katunan nan zaune suke cikin kwamfuta, ko ta yayanka da ya gama karatu ya bar maka, ko ta aboki, ko kuma cikin wani fishiyen Excel da aka yi ta turawa a gurup har an manta wanda ya fara rubuta shi. Ita kuwa kwamfuta ba a buɗe ta a bayan kabu-kabu, in bazara ta kama aka shiga ɗauke wuta batirinta ba ya kai ka ko'ina, waya kuma kullum tana aljihu, kana jiran malam ya shigo ko kana layi a wani wuri sai ka ciro ka yi kati ashirin. Shi ya sa ya kamata katunan su koma waya, kuma aikin ba wuya gare shi ba, sai dai akwai wurare biyu uku da in ka danna ba daidai ba aikin wata da watanni zai tafi a banza.

Manhajar da zan yi magana a kanta Anki ce, don ita ce mafi yawan fakitin, wato tarin katunan darasi, da ke yawo tsakanin ɗalibai suka fito daga gare ta. Wani mai suna Damien Elmes ne ya ƙirƙiro ta tun 2006, a kwamfuta kyauta ce, kana samunta a apps.ankiweb.net. A wayar Android, irin su Tecno da Itel da Infinix da Samsung da muke riƙewa, sunanta AnkiDroid, ita ma kyauta ce babu talla babu komi. A iPhone sunanta AnkiMobile kuma saye ake yi, kusan dala 25, ta Amurka fa ba tamu ta sefa biyar ba. Mai iPhone da ba ya da halin saye yana iya yin bita ta AnkiWeb, shafin intanet na Anki inda ake ajiye katuna, a cikin Safari, sai dai wannan sai da konekisiyo kowane lokaci. Ka lura sosai lokacin da kake telesharje, in ka rubuta Anki a Play Store za ka ga wasu manhajoji masu kama da sunan waɗanda ba su da wata alaƙa da ta asali, ba sa daidaitawa da AnkiWeb, wasu ma sai sun nemi ka riƙa biya wata-wata. Ka duba da kyau sunan ya zama AnkiDroid cif.

Abin da nake so ka riƙe kafin ka taɓa komi shi ne fakitin kati abu uku ne a haɗe. Akwai rubutun, wato tambaya da amsa. Akwai hotuna da sauti, waɗanda su ba cikin rubutun suke ba, a wani dosiye daban suke zaune. Sai na ukun wanda ba a gani da ido, tarihin bitarka: wane kati ka sani, wane ke ba ka wahala, wane zai dawo gobe, wane sai bayan wata huɗu. Rubutu in ya ɓace ka karɓa wurin aboki, hoto ma haka, amma tarihin nan naka ne kai kaɗai, babu wanda ke da kwafinsa, kuma shi ne ainihin amfanin manhajar tunda da shi take sanin abin da za ta nuna maka yau. Duk hanyar da za ka zaɓa a ƙasa, tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, tarihin zai biyo ni ko ba zai biyo ni ba, kuma ina son ya biyo ko ba na so.

Fara da ajiye kwafi

Buɗe Anki a kwamfutar, je Fichier sannan Exporter, in ta Turanci ce File sannan Export. A wurin zaɓen nau'in fishiye ka ɗauki wanda ke ƙarewa da .colpkg, ka tabbata akwatin haɗawa da hotuna da sauti yana da alama, ka ajiye. Wannan fishiyen ya ƙunshi komi da komi, duk fakitocinka da tarihinsu da saitinsu. Ka kwafa shi a kile USB, ka sa kwanan wata a sunan, ka cire kilen ka ajiye gefe. Wani zai ce ai Anki tana yin ajiya da kanta, gaskiya ne tana yi, amma ajiyarta ba ta haɗawa da hotuna da sauti, kuma a cikin kwamfutar take zaune, in kwamfutar ta tafi sun tafi tare. Minti biyar ne wannan matakin, kada ka tsallake shi.

Hanya ta farko, in katunan naka ne kuma kana son ci gaba da amfani da kwamfuta da waya tare

Wannan ita ce hanyar daidaitawa ta AnkiWeb, wato kwamfuta da waya su riƙa tura katuna can suna saukowa da su don komi ya zama iri ɗaya, kuma ita na fi ba mutum shawara in yana da ɗan forfe. Shiga ankiweb.net ka buɗe asusu da imel ɗinka da kalmar sirri, kyauta ne. Za su turo maka saƙo a imel ka danna ka tabbatar, to ka yi amfani da imel ɗin da kake iya buɗewa, ba wanda mai shagon waya ya buɗe maka ranar da ka sayi wayar ba ka ma san kalmar sirrinsa ba.

Daga nan ka koma Anki ta kwamfuta ka danna maɓallin daidaitawa da ke sama, Synchroniser ko Sync, ko ka danna harafin Y kawai. Sa imel da kalmar sirri. Nan ne wuri na farko mai haɗari, ka natsu. A karon farko manhajar tana iya tambayarka, ta tura abin da ke kwamfuta zuwa AnkiWeb ne ko ta sauko da abin da ke AnkiWeb zuwa kwamfuta. Ba haɗa su take yi ba a wannan karon, ɗaya ne zai shafe ɗaya. Asusunka sabo ne babu komi a ciki, saboda haka in ka ce ta sauko, to fanko zai sauko ya zauna a kan katunanka. A kwamfuta TURAWA za ka zaɓa, Upload a Turanci. Karanta saƙon sau biyu kafin ka danna, musamman in Faransancin ko Turancin na ɗan ba ka wuya, babu kunya ka kira wani ya karanta maka.

Rubutun yana tafiya cikin ƴan daƙiƙu don ba ya da nauyi, amma hotuna da sauti suna bi a baya a hankali, za ka ga alamar tana juyawa, in ka sake danna maɓallin zai nuna maka inda aka kai. Kada ka rufe kwamfutar sai ta gama. Fakitin anatomi mai cike da hotuna yana iya cinye mega da yawa, to in layinka yana da forfen dare ko kana da inda kake samun wifi ka bari sai can. In rezo ya yanke a tsakiya ba komi, ka sake dannawa zai ci gaba daga inda ya tsaya.

Akwai wani abu da ke hana mutane da yawa a nan kuma ba sa gane dalili. Anki ba ta yarda ta daidaita in agogon na'urarka ya kauce da fiye da minti biyar. Kwamfutocinmu yawanci na hannu ne da suka fito daga Turai, sai ka tarar yankin lokaci yana kan Paris, mai ita ya ga agogo ba daidai ba ya gyara awa da hannu ya bar yankin yadda yake. A ido agogon daidai yake, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Faransa tana gabanmu da awa ɗaya, sai manhajar ta ga ka kauce da awa guda cur ta ƙi. Maganin shi ne ka shiga saitin kwanan wata na Windows ka maida yankin kan UTC+1 na Afirka, wanda Nijar da Najeriya suke kai, sannan ka bari ta saita awa da kanta. Wata kwamfutar kuma ƙaramin batirin agogonta ne ya mutu, duk ka kashe ta sai ta koma wata shekara can baya, ita sai ka riƙa gyarawa kafin ka buɗe Anki.

Yanzu ɗauki waya. Ka fara duba wuri, in wayar ta cika da bidiyon WhatsApp ka rage. Buɗe AnkiDroid, shiga da imel ɗin nan dai, danna alamar daidaitawa. A waya SAUKOWA za ka zaɓa, Download. In dama ka riga ka rubuta wasu katuna a wayar kafin yau, tsaya tukuna, saukowar nan za ta shafe su. Ka fara fitar da su a matsayin fishiyen .apkg, wanda zan yi bayani a hanya ta biyu, ka ajiye, ka sauko da na kwamfuta, sannan ka sake shigo da su, shi ke nan sun haɗu. A cikin saitin AnkiDroid ɓangaren daidaitawa akwai wurin da ake cewa ta sauko da hotuna kullum, ko sai a wifi, ko kar ta sauko sam. In ka ga katuna sun zo amma wurin hoto babu komi, nan za ka fara dubawa.

Da zarar komi ya sauka, bita ba ta buƙatar intanet, ko ƙauye ka je inda rezo sai an hau tudu katunanka suna nan. Ɗabi'ar da za ka koya kawai ita ce ka daidaita kafin ka fara da bayan ka gama, a kowace na'ura. Bita ta yau da kullum manhajar tana iya haɗa ta kwamfuta da ta waya ba matsala. Amma in ka yi babban canji, misali ka ƙara wani sabon gurbin rubutu a tsarin katin bayan na tambaya da na amsa, za ta sake yi maka tambayar nan ta turawa ko saukowa, to a lokacin na'urar da ka yi canjin a kanta ita ce mai turawa, ɗayar ta sauko.

Hanya ta biyu, ba intanet ko kuma fakitin na wani ne

In babu forfe, ko kuwa fakiti ɗaya kawai kake so daga kwamfutar abokinka, fishiyen .apkg za ku yi. A gefen sunan fakitin akwai ƴar alama mai kama da gargare, ya danna ta ya zaɓi Exporter, nau'in fishiye .apkg. Akwai akwatuna da za a sa wa alama, ka kula da su. Na hotuna da sauti a sa mishi alama kullum. Na biyu shi ne na tarihin bita, a Faransanci za ka ga kalmar planification a ciki, a Turanci scheduling. In katunan naka ne kana maida su wayarka, sa alama. In na abokinka ne, cire alamar, don in ba haka ba tarihinsa ne zai biyo, katin da shi ya haddace tun bara manhajar za ta ɗauka kai ma ka sani ta ɓoye maka shi sai bayan wata shida, kai kuwa ko sau ɗaya ba ka taɓa ganinsa ba, ranar jarrabawa sai ka ga tambaya ka rantse babu ita a fakitin alhali tana ciki. Akwai kuma akwati na uku a sababbin Anki na dacewa da tsofaffin manhajoji, in AnkiDroid ɗin wayarka tsohuwa ce wadda aka tura maka ta Xender tun shekarun baya, to a sa mishi alama, in ba haka ba za ka shigo da fakiti ka tarar da kati ɗaya tak yana cewa ka sabunta manhajarka.

In fakitin ya riga ya zo da tarihin wani kuma mai shi ba ya kusa, ba a rasa mafita ba. Sababbin manhajojin suna nuna maka zaɓi lokacin shigowa, ko a ɗauko ci gaban karatun da ke ciki ko a bar shi, sai ka kashe. In kuma ka riga ka shigo da shi, je wurin binciken katuna, zaɓi duk na fakitin, ka nemi Forget ko Reset gwargwadon tsufan manhajar, duk su koma sababbi. Ka tabbata fakitin nan kaɗai ka zaɓa ba duk katunanka ba.

Tura fishiyen zuwa waya duk yadda ya sauwaƙa, da kebul, da Xender, da Bluetooth in ƙarami ne, ko ka tura wa kanka a WhatsApp a matsayin takarda. A wayar buɗe AnkiDroid, danna ɗigo uku na sama, Importer, zaɓi fakitin kati, nemo fishiyen a inda ya sauka. Sau da yawa ma in ka danna fishiyen kai tsaye wayar za ta tambaye ka da mi za a buɗe, ka ce AnkiDroid. Wani lokaci a hanya sunan fishiyen yana lalacewa, ya koma .zip ko .bin, ko kuma manhajar fishiye ta wayar ta ce za ta buɗe maka shi ta warware. Kada ka yarda ta warware, a cikinsa ba abin da za ka gane, wasu fishiyoyi ne masu lamba 0, 1, 2 da rumbun bayanai. Ka canza sunan kawai ya ƙare da .apkg ka sake gwadawa.

Wuri na biyu mai haɗari shi ne bambancin .apkg da .colpkg. Shi .apkg ƙari yake yi, ya shigo ya zauna kusa da abin da ke akwai. Shi kuwa .colpkg kamar amarya ce da ta zo da kayan ɗakinta, duk abin da ta tarar a ɗakin waje za a yi da shi. In wayarka sabuwa ce fanko, .colpkg ɗinka na kanka ya fi sauri, komi zai zo lokaci guda. Amma in wani ya turo .colpkg a gurup ya ce ga katuna, kuma kana da naka a waya, kada ka buɗe, ka ce ya sake fitarwa a .apkg. Haka ma fishiyen da sunansa collection.apkg, tsofaffin Anki haka suke kiran mai shafewar, ka ɗauke shi a matsayin .colpkg.

Wani abin daɗi, kowane kati a Anki yana da lambarsa ta ɓoye. In abokinka ya gyara kurakurai a fakitin ya ƙara wasu katuna ya sake turo maka, ka shigo da shi kai tsaye, ba zai ninka ba, tsofaffin za su gyaru sababbin su ƙaru tarihinka kuma yana nan. Kada ka goge tsohon kafin ka shigo da sabon, gogewar ce ke tafiya da tarihin.

Hanya ta uku, katunan a Excel suke ko Quizlet

Nan ne aikin ya fi ɗaukar lokaci, kuma tun yanzu ka sani tarihin bita ba ya biyowa ta wannan hanyar, rubutu ne kawai, komi zai fara daga farko. Abin da Anki ke so fishiyen rubutu ne mai sauƙi, kowane layi kati ɗaya, tambaya, sai wata alama mai rabawa, sai amsa.

In a Excel ne, gyara teburin tukuna. Tambaya a layin A na tsaye, amsa a B. Goge layin farko mai cewa Question da Réponse, in ba haka ba shi ma kati zai zama. Raba duk gidajen da aka haɗe, cire layukan da ba komi. Sannan bi a hankali ka duba wuraren da ke da lambobi, don Excel yana da wata ɗabi'a, ka rubuta 1/2 sai ya maida maka 01-févr, ka rubuta 3-4 ya zama 03-avr. Ga mai karatun magani wannan ba abin wasa ba ne, rabin ƙwaya ya koma ɗaya ga Fabrairu a katinka kana haddacewa.

Wurin ajiyewa, Enregistrer sous, za ka ga CSV iri-iri. Wanda aka rubuta CSV UTF-8 shi za ka ɗauka. In ka ɗauki CSV na haka kawai, ko dai Anki ta ƙi karɓar fishiyen, ko kuma haruffanmu masu lanƙwasa su mutu, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ duk su koma alamar tambaya, ƙasa ta zama ?asa, ɗalibi ya zama ?alibi, Larabci kuwa layi guda na ????? za ka gani. Kuma wannan ba ya gyaruwa daga baya, sai ka koma fishiyen Excel na asali, saboda haka kada ka ajiye a kansa, ka ba sabon wani suna. In ka ga é ya koma Ã©, shi wannan rubutun bai mutu ba, buɗewar ce aka yi ba daidai ba. Tsohon Excel da ba ya da zaɓin UTF-8, ka buɗe teburin da LibreOffice ko Google Sheets ka fitar daga can. Wani abin kuma, Excel na Faransanci ba waƙafi yake sawa tsakanin tambaya da amsa ba, ; yake sawa, saboda su Faransawa waƙafi a lissafi suke amfani da shi. Anki tana ƙoƙarin ganewa da kanta amma takan kuskure, to a allon shigowa ka duba samfurin da take nunawa, in ka ga tambaya da amsa sun cunkushe a gida ɗaya ka canza alamar rabawa da hannu.

Quizlet kuwa, wata manhajar katunan bita daban, ta shafinsu na intanet ake fitarwa ba ta manhajar waya ba, kuma fakitin da kai ka ƙirƙira da asusunka ake bari ka fitar. Buɗe fakitin, ɗigo uku, Exporter. Zai tambaye ka abin da zai raba kalma da ma'anarta, zaɓi Tab, kada ka zaɓi waƙafi. Dalili, ɗauki kati mai tambayar ire-iren ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, amsa falciparum, vivax, ovale, malariae. Da waƙafi amsar za ta tsaya a falciparum sauran su watse wasu gidaje. Tsakanin kati da kati ka bar sabon layi. Kwafi rubutun, liƙa a Bloc-notes, ajiye da UTF-8. In wasu amsoshinka suna da layi biyu uku a ciki, su za su kakkarye su zama katuna marasa kai, in kaɗan ne ka haɗe su layi ɗaya da hannu kafin ka fitar ya fi sauƙi. Hotunan Quizlet ba sa fitowa, sai ka sake sa su ɗaya bayan ɗaya.

Shigo da fishiyen a kwamfuta ya fi daɗi saboda allon yana da faɗi, Fichier sannan Importer, amma AnkiDroid ma tun daga 2.17 da ta fito a 2024 tana karɓar CSV kai tsaye. A allon ka zaɓi fakitin da za su shiga, ka zaɓi nau'in kati. Mai sauƙin gaba da baya ya ishi yawancin darussa. Kalmomin harshe kuwa ɗauki wanda ke yin kati biyu, ɗaya daga Faransanci zuwa Turanci ɗaya akasin haka, amma ka sani yawan katunan zai ninka. Anki da gidan farko, wato na tambaya, take gane maimaici, in tambayoyi biyu rubutunsu ɗaya ne sak, misali Définition kawai aka rubuta a wurare goma, za ta ɗauka kati ɗaya ne, to ka bambanta su tun a tebur. Ni shawarata kada ka zuba dubu a karon farko, yanki layi goma ka yi ƙaramin fishiye, ka tabbata akwai mai ƙ da mai é da mai lamba a ciki, shigo da su ka duba a waya, in sun yi kyau ka goge su ka zuba duka. Masu Larabci, a saitin gurbin akwai zaɓin rubutu daga dama zuwa hagu, ku kunna shi. In kana son fakiti cikin fakiti, ɗigo biyu sau biyu ake sawa a sunan, misali Bak::SVT::Génétique.

Bayan sun sauka

Kwatanta yawan katuna a kwamfuta da na waya, a wurin binciken katuna ake gani. Buɗe biyar shida masu hoto da masu sauti ka gani. A cikin ɗigo uku na AnkiDroid akwai binciken hotuna da sauti, zai faɗa maka sunayen waɗanda suka ɓace. Ƙarin kayan da ake liƙa wa Anki ta kwamfuta ba sa aiki a waya, to in wani kati ya fito a birkice wataƙila da irinsu aka yi shi. Ƴan lissafi da fizik, akwai hanyoyi biyu na rubuta alamomin lissafi a kati: dabarun da aka rubuta da MathJax suna fitowa lafiya a waya, na LaTeX kuwa sai kwamfuta ta fara maida su hoto sannan a daidaita.

In fakitin naka ya daɗe ba ka taɓa ba, ranar farko za ka ga lamba mai ban tsoro na katunan da ke jira. Kada ka maida su sababbi don ka huta da ganin lambar, tarihin da ka sha wahalar kawowa ke nan za ka zubar. Shiga saitin fakitin, sababbin katuna da manhajar ke kawowa 20 a rana ka maida su 0, ka riƙa rage bashin kullum gwargwadon ƙarfinka, iyakar da ta zo da ita 200 ce a rana, in ya ƙare ka dawo da sababbin kaɗan-kaɗan. Za ka ji ana maganar FSRS, sabon tsarin lissafin ranakun bita da ya shigo Anki a 2023, yana da kyau, amma ba ranar ƙaura ake kunna shi ba, bari komi ya zauna sati ɗaya biyu kuma ka tabbata manhajar kwamfuta da ta waya duk sababbi ne. Sannan ka sani ranar Anki ba ƙarfe 12 na dare take juyawa ba, ƙarfe 4 na asuba ne. Mai tashi ƙarfe uku ya yi karatu, ko lokacin sahur da azumi, zai ga katunan yau ba su fito ba, ba lalacewa ta yi ba, a saiti ake matsar da awar baya.

Saura maganar canza waya. AnkiDroid ta Play Store a sababbin Android tana ajiye katunan a cikin dosiyenta na kanta, in ka cire manhajar ko ka goge bayananta don neman wuri, ko aka yi wa wayar filashin a wurin gyara, suna iya tafiya gaba ɗaya. Kafin ka miƙa wayar ga mai gyara ko ka kai ta kasuwa musanya, daidaita tukuna, ka shiga ankiweb.net ka gani da idonka fakitocin suna can, sannan ka fitar da .colpkg daga wayar ka tura a kile ko katin memori. Kuma kada ka ɗauki AnkiWeb a matsayin ma'aji na har abada, asusun da aka yi wata shida ba a taɓa ba suna iya share abin da ke ciki, to ko an tafi dogon hutu ana aikin gona ka riƙa sa ɗan forfe kana danna daidaitawa lokaci-lokaci.